Mako Uku Ina Yi Wa Tumatir Maganin Ciwon Da Ba Shi Ya Kama Shi Ba

Ni malamin firamare ne a yankin Talata Mafara, kuma kamar yawancin ma'aikata a nan, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata sai na haɗa da noman rani. Ina da ɗan fili da bai kai rabin hekta ba a cikin gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakalori. Maƙwabtana mafi yawansu shinkafa suke yi, ni kuwa na saba da tumatir tun zamanin mahaifina. Abin da ya same ni ranin da ya wuce shi ya sa na zauna rubuta wannan, don na yi ta yawo daga wannan bakin zuwa wancan, ina kashe kuɗi a kan abin da ban san sunansa ba, alhali da an nuna mini shi tun farko da ban yi asarar da na yi ba.

Na yi renon iri a watan Oktoba, na yi dashe a tsakiyar Nuwamba, irin UC82B na sa kamar kullum. Har ƙarshen Disamba gonar nan abin sha'awa ce, duk wanda ya wuce sai ya ce masha Allah. Farkon Janairu, bayan an koma makaranta, na je da yamma sai na lura da wasu kunyoyi uku na gefen hanyar da babura ke bi, ganyensu na ƙasa ya fara rawaya yana nannaɗewa. Saman shukar kore shar, fure yana ta fita. Na duƙa na duba jikin karan, na ga daga ƙasa ya canza launi, ya koma kamar tsohon kwanon rufin da ya yi tsatsa, ga wani ɗan sheƙi kamar an shafa masa mai. Gashin nan mai laushi da ke jikin karan tumatir, wanda ke bar wa mutum wari a hannu, ya ɓace a wurin. Na gani da idona, amma ban ɗauke shi bakin komai ba. Hankalina yana kan ganye, don mu duk ganye muke kallo.

Kawuna, wanda gonarsa ke daura da tawa kuma ya fi shekara 40 yana wannan aiki, shi na fara kira. Ya zo ya tsaya, ya murza ganyen ya ji yana ƙaras-ƙaras kamar takarda, ya ce, "Ƙishirwa ta ka damu nai, ɗan nan. Ba shi ruwa, mi kaka jira?" Ban yi musu ba, iskar hunturu tana busawa sosai a lokacin. Ranar da ba tamu ce ta sakin ruwa ba na ari inji na sayi fetur na ƙara masa. Kwana huɗu babu canji, sai ma rawayar ta hau zuwa ganye na gaba. Wani abokina ya ce yunwa ce, ƙasar ta gaji. Na sayi rabin buhun yuriya a kan naira 18,000 na zuba. Saman ya ƙara kore, ƙasan ya ci gaba da ƙonewa, kuma abin ya tsallaka daga kunya uku zuwa wajen goma.

Ranar Talata na shiga kasuwa da ganye a leda, na nufi rumfar wani mai sayar da maganin feshi. Cinkoson ranar kasuwa ya sa na yi kusan minti 40 kafin ya waiwayo ni. Ya leƙa cikin ledar bai ko taɓa ganyen ba, ya ce, "Malam, wannan ai ciwon ƙuna ne, da ɗan ƙwari a ciki. Haɗi za a yi maka." Ya ɗauko garin maganin naman gwari, wanda daga baya na karanta na ga mancozeb ne, ya haɗa da kwalbar maganin ƙwari mai ɗauke da lambda-cyhalothrin, ya ce in gauraya in fesa duk bayan kwana biyar. Na biya naira 14,500. Ban ga laifinsa ƙwarai ba yanzu da na huce, don abin da na kai masa busasshen ganye ne, kuma busasshen ganye duk kamarsa ɗaya. Amma dai mai kanti bai taɓa cewa ka je ka dawo ba, sai ya ba ka wani abu.

Na fesa sau biyu. A mako na ukun nan ne tsoro ya shige ni sosai. Tsatsar ta hau kara har ta wuce rabi, wasu karan suka fara tsagewa a tsaye. Ganyen ƙasa ya bushe ya rataye a jiki, rana ta samu hanya ta fara ƙona 'ya'yan da suka ƙosa, gefensu ya yi fari. Ƙananan 'ya'yan da ke kan shukokin da abin ya fi ci sai fatarsu ta yi kaushi, ta yi ruwan ƙasa, da ƙananan tsage-tsage kamar faso a dunduniya. Na tuna shekarar 2016 da tsutsar nan da ake kira Sharon ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, na dinga buɗe ganye ina neman hanyoyin da take ci a cikinsa, ban ga ko ɗaya ba. Ba tsutsa, ba farin ƙuda, ba saƙar gizo. Gona tana mutuwa a gabana kuma babu abin da zan nuna in ce ga shi. Uwargida ta ce ko baki ne, in nemi addu'a. Addu'a kam na yi, amma na ce bari in je ofishin gona.

Na nemi izinin shugaban makarantarmu ranar Litinin, na isa ofishin da misalin ƙarfe tara. Wani dattijo mai gadi ya nuna mini benci, ya ba ni wani babban littafi na rubuta sunana, ƙauyenmu, abin da na shuka da girman gona. Ba a nemi wata takarda ba, ba a kuma karɓi ko kwabo ba, ga wanda ke tunanin ana biya. Abin da aka karɓa lokaci ne. Malamin gonar da ke kula da kayan lambu ya fita zagaye, na zauna har aka kira azahar. Da ya dawo, mutum ne mai fara'a, ya karɓi ledata ya zazzage a tebur, ya yi dariya ya ce, "Malam, gawa ka kawo mini, ni kuwa majinyaci nake so in gani." Ya ce in koma in tumɓuko shuka biyu da saiwarsu da ƙasarsu: ɗaya wadda ciwon ya kai mata rabi, ɗaya wadda ya fara taɓawa. Kada in zuba musu ruwa, kada in ɗaure su a baƙar leda su gumu, in naɗe su a takardar jarida ko buhun siminti, in kawo da sassafe. Ya ce in haɗo da kwalabe da ledojin duk abin da na fesa. Na fito raina a ɓace, yini guda ya tafi a kan bayanin da za a iya ba ni cikin minti biyu. Shi ya sa nake rubuta shi a nan dalla-dalla, don wani ya tafi da abin da ya dace tun zuwan farko.

Ranar Laraba ƙarfe takwas ina wurin. Yadda ya bi shukar nan ya koya mini fiye da abin da na koya a shekara goma. Ya fara da saiwa, ya wanke ta ya ce babu ƙulle-ƙulle, don haka ba tsutsar ƙasa ba ce. Ya tsaga karan da reza ya nuna mini cikinsa fari tas, ya ce da ciwon yaushin da naman gwari ke kawowa ne da na ga jijiyoyin ciki sun yi ruwan ƙasa. Ya yanki guntun kara ya tsoma a kofin gilashi mai ruwa, muka jira, ya ce da yaushin bakteriya ne da mun ga wani farin abu yana zarya daga bakin yankan kamar nono. Ya duba ganyen ya ce babu tabo mai zobe-zobe irin na ciwon ƙunar da aka ce mini. Ya ce ita kuma yunwar taki tana sa ganyen ƙasa rawaya, amma ba ta mayar da kara launin tagulla. Sannan ya zaro ɗan gilashin ƙara girma daga aljihu, ya bar wurin da ya mutu, ya ɗora a daidai iyakar da tsatsar ta tsaya koren ya fara. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini. Na ga wasu abubuwa kamar garin da aka barbaɗa, amma gilashin nasa mai ƙara girma sau 10 ne kawai, kuma ya goge. Ya ce yana da zato mai ƙarfi, amma ba zai sa ni sake kashe kuɗi a kan zato ba. Ya rubuta mini 'yar takarda da hannu, ya buga hatimi, ya tura ni ɗakin gwaji na wata makarantar koyon aikin gona.

Kuɗin mota zuwa da dawowa ya ci mini naira 5,000, kuma kowa ya san yadda ake bin hanyoyinmu yanzu, ka fita da wuri ka dawo kafin la'asar. A ƙofa aka duba takardar da katin shaidata na aiki. Na jira awa ɗaya da wani abu saboda babu wuta, sai wata malama ta ce ba sai an jira ba, ta jawo madubin duba ƙananan halittu kusa da taga ta haska da fitilar waya. Ta yanki ɗan ɓallin kara ta ɗora, ta daidaita, ta ce, "Malam, zo ka ga baƙinka." Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗaruruwan halittu ne masu launin madarar da ta ɗan yi rawaya, siffarsu kamar ƙaramin karas, gaba da kauri baya a tsuke, suna jan jiki a hankali tsakanin gashin karan. Wannan ɓallin da bai kai farcen yatsa ba.

Ta ce sunansa a ilimi Aculops lycopersici. Ni dai tun ranar nake kiransa ƙwaron tsatsa, kuma sunan ya bi bakin maƙwabtana. Ta ce ba ƙwaro ba ne irin su fara ko ƙuda, dangin gizo-gizo ne da kaska, sai dai shi ƙafafunsa huɗu ne kacal, duk a gaba. Tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, shi ya sa ido ba ya kama shi. Yana huda fatar kara da ganye yana tsotse ruwan ciki, fatar ta mutu, abin da muke gani kamar tsatsa ke nan. Idan ya cinye ƙasa sai ya hau sama, don haka duk inda ya riga ya bushe to ya tashi daga nan. A lokacin zafi da bushewar iska, daga ƙwai zuwa babba mai yin nasa ƙwan kusan mako guda ne. Na yi lissafi a zuciyata, mako ukun da na yi ina ban-ruwa da zuba taki ke nan na yi renon kaka da uwa da jika. Ba shi da fiffike, iska ce ke ɗaukarsa, sai tufafin mutane da hannayensu da kayan aiki. Da ta ga kwalbar da na fesa ta girgiza kai, ta ce irin wannan maganin ba a yi shi don wannan halitta ba, abin da ya fi kashewa su ne ƙananan halittun da ke cin ta. Ashe da kuɗina na sayi guba na kashe masu gadina.

Ta rubuta mini magani biyu a bayan takardar da na zo da ita: farar wuta irin wadda ake damawa a ruwa, da abamectin. Na ce farar wutar da muka sani ta 'yan koli, wadda ake haɗawa da man shanu a shafa wa mai ƙazuwa? Ta yi murmushi ta ce ita ce, kuma abin da ke kawo ƙazuwa ma ɗan uwan wannan ne. Amma ta gargaɗe ni kada in daka ta 'yan koli in zuba a injin feshi, ba ta gauraya da ruwa, toshe bakin injin kawai za ta yi. Ta kuma ja kunnena a kan zafi: idan rana ta haura digiri 32, farar wuta tana ƙona ganye, kuma ba a haɗa ta da magani mai mai, ba a kuma fesa su kusa da juna sai an bar tazarar mako biyu. Wannan gargaɗin ya fi shafarmu mu 'yan Zamfara, don sanyinmu gajere ne. Daga Fabrairu zafi ke farawa, Maris da Afrilu kuwa har digiri 40 yakan kai. Ba ta karɓi kuɗin gwaji ba, ta dai rubuta sunana da ƙauyenmu a littafinsu.

Neman maganin ma wani aiki ne. Abamectin na same shi a rumfa ta uku da na tambaya, kuma sai da na daina faɗin suna na koma nuna takarda, don masu kanti sunan kasuwa suka sani, wanda ke rubuce da manyan baƙaƙe. Sunan sinadarin yana ƙasa da ƙananan rubutu, nawa an rubuta 1.8 EC. Na duba lambar rajistar NAFDAC, na duba ranar ƙarewar aiki, na ƙi karɓar kwalba ɗaya da murfinta ya nuna an taɓa buɗewa. Farar wutar kuwa babu ita a kusa, sai wani direba da ke zuwa Sakkwato ya sayo mini bayan kwana biyu, mai ƙarfin kashi 80 cikin 100. Duka biyun sun tasar mini naira 16,000. A hanya na tsaya wurin wani mai gyaran waya ya samo mini gilashi mai ƙara girma sau 20 da 'yar fitila a jiki, naira 3,500. Duk cikin abin da na kashe a ranin nan babu wanda ya kai shi amfani.

Kafin feshi na yi abin da ya fi yi mini ciwo. Kunyoyin farko guda bakwai da abin ya kai musu har ƙololuwa na tumɓuke su. Ban ja su ta cikin gona ba, a wurin na cusa su cikin buhu, na fitar na ƙona a nesa. Kawu yana tsaye yana cewa ɓarna ce, ga 'ya'ya a jiki. Na bi gefen gona da bakin magudanar ruwa na cire zaƙami da gautan kaji, don malamar ta ce duk dangin tumatir ne kuma a kansu yake fakewa, haka gauta da yalo da barkono da dankalin turawa. A nan na gane inda abin ya fito. A bakin hanyar nan, daidai kunyoyin da suka fara, akwai tsofaffin gindin yalo da na bari tun damina don yara su riƙa tsinka. Na ɗora gilashi a kansu, ga su nan fal.

Abamectin na fara fesawa, bayan la'asar sakaliya da iska ta kwanta, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a lokacin zuma ta bar fure. Na auna da sirinji yadda takardar jikin kwalbar ta ce, ban yi awon murfi ba. Na sa doguwar riga da safar hannu na rufe hanci, na kuma kiyaye kada ragowar ko wankin inji ya shiga magudana, don yana kashe kifi. Feshin ba irin wanda muka saba ba ne, na wucewa ana kaɗa sanda a saman shuka. Sai an juya bakin injin sama, a jiƙa ƙasan ganye, a bi kara tun daga gindi. Filin da nake gamawa da tanki biyar ya sha tara. Na fara daga ɓangaren da ke da lafiya na ƙare a mai ciwo, kuma na hana yaran da ke taya ni aiki shiga da akasin haka. Bayan mako guda na maimaita, saboda ƙwan da feshin farko bai taɓa ba ya ƙyanƙyashe. Da tazarar mako biyun ta cika na gwada farar wuta a shuka goma kawai da yamma, na jira kwana biyu ban ga ƙuna ba, sannan na bi sauran. Sau ɗaya na samu yi, zafi ya shigo na ajiye ta.

Kada wanda ya fesa ya sa ran tsatsar za ta goge. Karan da ya yi ja ya yi ke nan, ganyen da ya bushe ba ya dawowa. Na kusa karaya a makon farko saboda wannan, har na koma wurin malamin gona na ce maganin bai ci ba. Ya ce in ɗaura zare a kan kara daidai inda tsatsar ta tsaya, a shuka kamar ashirin, in dawo bayan kwana biyar in ga ko ta tsallake zaren. A guda 17 ba ta tsallake ba. Sabon toho ya fito kore, da gilashi kuma sai in yi ta nema kafin in ga ɗaya yana motsi. Na kiyaye kwanakin da takarda ta ce a jira tsakanin feshi da tsinka, duk da farashi yana kirana. A ƙarshe na cire kwando 60 da 'yan kai a filin da na saba cire sama da 100, kuma wasu sai da aka yanka aka shanya don dillalai ba sa son mai kaushin fata.

Da zan sake daga farko, ranar da na ga ganyen ƙasa ya yi rawaya kara zan fara dubawa, in ga ko launinsa ya sauya, ko gashinsa ya zube, ko ciwon hawa yake yi daga gindi kamar mai hawa tsani. Ba zan sayi komai ba sai wani ya ɗora gilashi a kan shukar, kuma shuka mai rai zan kai masa da saiwarta. Kuɗin taki da fetur da haɗin mai kanti da suka tafi a banza sun haura naira 40,000, amma asarar da ta fi ita ce ta kwana 21 ɗin nan. Haka kuma abin ba na mutum ɗaya ba ne, tunda iska ba ta san iyakar gona ba. Na kai maganar taron ƙungiyarmu ta masu amfani da ruwa, wasu suka saurara, wasu suka ce malamin makaranta ya zo da boko.

Kawu yana cikin waɗanda suka ce boko ne, har ranar da barkononsa na gefen gonata ya fara nannaɗe ganye. Ya aiko jikansa da sassafe wai in ba shi aron "tabaron nan". Na je da kaina na riƙe masa fitilar, ya ɗora ido ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "La'ilaha illallahu, da rai gare su." Gilashin yana wurinsa har yanzu, na sayi wani. Bana tun a gadon reno na fara dubawa, duk ranar Asabar, shuka biyar a kowace kusurwa da biyar a bakin hanya, kuma gindin yalon nan na tumɓuke shi tun kafin in yafa iri.